Haya, Fuloti, Bashin Gida ko Gidan Gado: Wanne Ya Fi Dacewa da Magidancin Kano?

Duk mai zaman haya a Kano ya san yadda saƙon yake zuwa. Saura wata biyu ko uku kuɗinsa ya ƙare, sai dillali ko yaron mai gida ya yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce Alhaji ya ce bana an yi ƙari, in kuma ba za a iya ba akwai mai so. Daga nan magidanci ke fara lissafi: in biya in zauna, in koma bayan gari, in matse in sayi fuloti, in nemi bashin gida, ko in koma gidanmu?

Ƙarin yana da tushe. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi, komai na gini ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge zama. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mai gida ma kasuwa ɗaya yake zuwa da ɗan hayarsa. Sai dai akwai abin da ya fi wannan damuna, wato masu kuɗin gini sun rage gina irin gidan da talaka ke iya kamawa. Tsohon gidan haya mai ɗaki takwas da ke bakin titi, ana sayensa a rushe a yi shaguna. Sabon ginin da ake yi a Rijiyar Zaki ko Hotoro ko Tudun Yola falat ne mai tayil da get, na mai ƙarfi. Ga jama'a kuma na ta shigowa, wasu neman kasuwa, wasu gudun rashin tsaro daga Zamfara da Katsina da Arewa maso Gabas, ga samari na aure kowane yana son ciki da falonsa. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jihar Kano kuwa naira 71,000 ne.

Ma'aunin da za a bi

Abu biyar zan ɗora kowace hanya a kai.

Na farko, kuɗin farko: nawa za ka ajiye a dunƙule kafin ka shiga. Na biyu, nauyin wata-wata, kuma a nan mutane suka fi kuskure, domin kuɗin gida ba haya kaɗai ba ce. Haya ce, da kuɗin mota na kai da na 'yan makaranta, da ruwa, da wuta. Na uku, ɗorewa: shekara nawa za ka iya zama ba wanda ya ce ka tashi, kuma bayan shekara biyar me ya rage a hannunka. Na huɗu, sauƙi: takardu, zirga-zirgar ofis, da lokacin jira. Na biyar, haɗari: me zai iya raba ka da kuɗinka ko da gidan. Inda maganar halal da haram ta shigo zan faɗa a wurin, don ga yawancinmu ita ce ke yanke hukunci kafin lissafi.

Alƙaluman da za ka ga na ce "a ɗauka" misali ne na lissafi. Ka cire su ka sa naka.

1. Ka biya ƙarin, ka zauna inda kake

Kuɗin farko shi ne hayar shekara a dunƙule, ba la'adar dillali, ba kuɗin motar kwasar kaya, ba fenti da gyaran sabon wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tashi kansa yana cin kuɗi, kuma la'ada a wurare da dama takan kai kashi 10 cikin 100 na hayar. Idan kana kusa da wurin aikinka ko shagonka a Kwari ko Singa ko Sabon Gari, yara na zuwa makaranta a ƙafa, to nauyinka na wata-wata yana iya zama ƙasa da na wanda ya samu gida mai arha a nesa.

Ɗorewa ita ce raunin wannan hanya. Shekara biyar ka biya, babu bulo ɗaya naka, kuma baɗi ma ƙarin na nan tafe. Amma ɗan haya ba marar haƙƙi ba ne. A tsarin dokokin haya na Najeriya, idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, mai biyan shekara-shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya, sannan a biyo da na kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da hurumin cire rufi ko ƙofa ko watsa kaya waje. Sai dai wannan kariya tana raunana idan kuɗinka ya ƙare kana zaune ba ka sabunta ba, ko kuma ba ka da rasit.

Abu biyu nake ba da shawara a nan. Ka je wurin mai gidan da kanka, da wuri, tun kafin dillali ya kawo masa wani. Mai gida mai hankali ya san ɗan hayar da ke biya a kan lokaci, ba ya fasa masa gida, ya fi baƙon da bai sani ba, kuma da yawa sukan yarda da biya kashi biyu ko a tsayar da farashi na shekara biyu a rubuce. Sannan ka riƙe rasit. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar a cire kashi 20 cikin 100 na hayarsa, iyaka naira 500,000, daga kuɗin da ake yi wa haraji. A ɗauka hayarka naira 600,000 ce: za a cire 120,000, wanda ga mai matsakaicin albashi zai rage masa kusan naira 18,000 a shekara. Ba ta da yawa, amma taka ce. Wanda abin da yake samu bai wuce 800,000 a shekara ba dama ba ya cikin masu biyan harajin.

2. Ka koma bayan gari ka kama haya mai sauƙi

Danbare, Janguza, Zawaciki, Panshekara, Mariri, Gunduwawa, Jaba, Bachirawa, Rimin Kebe, Dawanau: nan birnin ke miƙewa, kuma nan ake samun ɗaki biyu da falo a kuɗin ciki da falo na Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni. Kuɗin farko: haya, la'ada, kwasar kaya, sau da yawa da sauya wa yara makaranta da sabon yunifom.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka ba da ko sisi shi ne na hanya. A ɗauka ƙarin kuɗin a-daidaita-sahu na gidanka gaba ɗaya naira 1,500 ne a rana. A kwana 26 ya zama 39,000, a shekara 468,000. Idan ragin hayar da ka samu bai kai haka ba, ba ka rage komai ba, wahala ka ƙara. Mai babur lissafinsa ya fi sauƙi, mai aiki a Sharaɗa ko Challawa ko sabuwar jami'ar Bayero kuma yana iya samun bayan garin ya fi masa kusa da cikin gari. Saboda haka kada ka ce "bayan gari" kawai. Ka zaɓi ɓangaren da ke kan titin da kake bi kullum.

Sai ruwa da wuta. Gidan da ke da rijiya mai ruwa har bazara ya fi wanda ya fi shi kyau amma kullum sai an kira mai kura. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, nawa ake sayar da jarka a watan Afrilu, kuma yaushe rabon taransifoma da lalacewa. Ka je unguwar bayan an yi ruwan sama, ka kuma je da dare. Layin da mota ba ta shiga a watan Agusta, ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare za a gane illarsa.

Ta fuskar ɗorewa, haya ce dai, kuma unguwar da aka yi wa titi bana hayarta na tashi baɗi. Amfanin wannan hanya ɗaya ne a wurina: idan ragin gaskiya ne, kuma ka ware shi kana tarawa don fili. In ragin cefane ya cinye shi, ka ƙaura ne kawai.

3. Ka sayi fuloti ka yi gini sannu a hankali

Yawancin masu gidan kansu a Kano ta nan suka bi, ba ta banki ba. Ita ce hanyar da na fi yarda da ita, ita ce kuma wadda aka fi yin kuka a cikinta, don haka zan daɗe a nan.

Fili iri biyu ne a bakin mutane: awon gwamnati da awon igiya. Na gwamnati an fitar masa da tituna, yana da lamba da fayil, ya fi tsada, ana iya yi masa takardar mallaka ta C of O, banki kuma na karɓarta. Awon igiya gona ce mai ita ko dillalai suka yanka, a sayar da takardar ciniki da sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci. Ya fi arha nesa ba kusa ba, har ana samun biya kaɗan-kaɗan, kuma ana samun rabin fuloti, hamsin da hamsin, ga wanda bai iya hamsin da ɗari ba. Amma a sani, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna. Yana iya karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar ba. Rusau ɗin 2023 a Kano, irin na shagunan filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa ko takardar da wata gwamnati ta bayar wata na iya zuwa ta ƙi amincewa da ita, musamman idan wurin asalinsa na jama'a ne. Filin makaranta, na maƙabarta, na masallaci, gefen badala, ƙarƙashin babbar wayar wuta, kududdufin da aka cike: komai arharsu a bar su.

Haɗarin da ya fi yawa ba na gwamnati ba ne, na mutane ne. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu. Gonar gado ɗa ɗaya ya yanka ba da sanin 'yan'uwansa mata ba, bayan shekaru su kai ƙara. Awon da ba a bar hanya ba, ka wayi gari an gine ka ta kowane ɓangare. Maganin waɗannan ba ya wuce haƙuri da ɗan kashe kuɗi: ka binciki fayil a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, idan an ce filin na da takarda, ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko wurin na cikin wani tsari, ka ga ainihin mai filin ido da ido, ka ji ta bakin maƙwabtan gonar, in gado ne ka ga takardar rabo, ka biya ta banki ba a leda ba, lauya ya rubuta yarjejeniya. Ranar da ka biya, ka kafa alama, cikin makonni ka zuba harsashin katanga ko da layi uku ne. Filin da aka bari fayau shekara biyu shi ake sayarwa sau biyu.

Nauyin wata-wata a nan shi ne mafi tsanani, domin haya kake biya kana kuma gini. Abin da ke kayar da mutane shi ne zanen babban gida. A zana ɗaki huɗu da falo biyu, a kai linta, kuɗi ya ƙare, damina uku ta bi ta kan bulo, ga haya ana ta biya. Dabarar da ta fi ita ce a zana gidan gaba ɗaya amma a gina ciki da falo, banɗaki da kicin, a rufa, a sa ƙofa da taga, a haƙa masai da rijiya, a tare. Filasta ta waje, silin da tayil duk suna iya jira. Daga ranar da ka tare, kuɗin hayarka ya koma siminti. Wuraren da gini ke iya tsayawa ba tare da ya lalace ba biyu ne: bayan an gama harsashi an cike, da bayan an yi rufi.

Kan kaya kuma: rodi, bulo, kwano da ƙofofi ana iya sayensu a ajiye duk lokacin da adashi ya zo kanka, wanda ya fi barin kuɗin a asusu farashi na gudu. Siminti ba ya ajiyuwa, wata kaɗan yake sandarewa, sai ranar aiki. Bulon kasuwa mai arha yawanci an ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ka murza shi da hannu kafin ka saya. Kuma ko ginin ƙasa ne, a nemi izinin gini, kada a ce sai an gama.

Ɗorewa? Babu kamarta. Bayan shekara biyar, ko ba ka gama ba, kana da abin da darajarsa ke tafiya tare da tsadar rayuwa, abin da 'ya'yanka za su gada.

4. Bashin gida na dogon zango

A cire bankunan kasuwanci tukuna. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankuna kuma a sama da nan suke ba da rance. Ko a kashi 25 ne, ruwan naira miliyan 10 kaɗai ya haura 208,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Wannan ba ta mai albashi ba ce.

Wadda ake magana ita ce ta Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, bankin ba da lamunin gidaje na tarayya FMBN ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bayan wata shida ana biya mutum ya cancanci nema, ruwan kashi 6 ne, biya har zuwa shekara 30. Ɗan kasuwa ma na iya yin rajista. Duba takardar albashinka, wataƙila shekaru ana cire maka ba ka taɓa bi ba, kuma ko ba ka ci bashi ba kuɗinka ne da za ka karɓa bayan ritaya.

Ga lissafin. Miliyan 10 a kashi 6 na shekara 30 kusan naira 60,000 ne a wata, na shekara 20 kusan 71,600. Ƙa'ida ita ce biyan kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu, wato sai mai samun 180,000 zuwa sama. Mai albashin 71,000, abin da zai iya ɗauka bai cika miliyan 4 ba, wanda ba ya sayen ginannen gida mai takarda a cikin Kano. Shekaru ma na yanke zango: ɗan shekara 45 ba zai samu shekara 30 ba, don ritaya na gabansa. Kyawun abin shi ne biyan ba ya tashi. Dubu 60 ta bana ita ce ta shekara goma masu zuwa, alhali haya a lokacin Allah kaɗai ya san inda ta kai. Ga mai asusun fansho da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, wato ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, tun 2022 an yarda a ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki a biya kason farko na sayen gida.

Sauƙi ne babu. Gidan sai mai C of O, sai an bi ta bankin lamunin gidaje, sai kimanta gida, inshora, amincewar gwamna a kan jinginar takarda, sannan jira na watanni, wani lokaci fiye. Mai sayar da gida a Kano ba kasafai yake jiran wannan ba. Rukunin gidajen gwamnati kuma a duba su da ido biyu: Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su tsakanin 2011 da 2015, amma gidaje da yawa a ciki sun shafe shekaru ba kowa, saboda farashi da nisa sun fi ƙarfin masu buƙatar. Gida mai kyau a takarda, in babu makaranta da kasuwa da abin hawa kusa, matsalar hayar bayan gari ce ta dawo, wannan karon da bashi a kanta.

Sai maganar ruwa. Kashi 6 ɗin ma riba ce a wurin malamai, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin da banki ke sayen kadara ya ba ka haya kana mallaka a hankali, ko ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Halaccin tsarin ba ya nufin arha. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, da abin da zai faru in ka yi jinkirin wata uku. Haɗarin kowane irin bashi ɗaya ne: aiki ya tafi, gida ya bi shi.

5. Ka koma gidan gado ko gidan iyaye

Ta fuskar kuɗi babu mai arharta. Gyaran sashe, ƙara banɗaki, fitar da ƙofa: kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu na iya yi, daga nan ba haya. Ga wanda gidansu ke cikin birni, kusancin kasuwa da dangi riba ce a kan riba.

Tsadarta a wani wuri take. Na ɗaya, zaman matarka da uwar miji da facaloli. Matsuguni haƙƙin mace ne a kan miji, kuma a fiƙihu tana da ta cewa a kan zama da danginsa, don haka wannan shawara ce ta mutum biyu. Ƙofa dabam, kicin dabam, banɗaki dabam suna kashe rabin rigimar tun kafin ta tashi. Na biyu, gini a kan gadon da ba a raba ba. Ka zuba miliyoyi a sashe, ranar rabo a ce gida na kowa ne, ko a ce a sayar a raba kuɗi. Ko dai a raba tukuna, ko duk magada, har mata da ke gidajen aurensu, su sa hannu a takarda gaban shaidu cewa ginin naka ne da yadda za a ƙiyasta shi. Abin da ke taimaka maka a mazhabar Malikiyya shi ne shuf'a: idan ɗaya daga abokan tarayya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran sun fi baƙo cancantar karɓa a kan kuɗin. Na uku, kada a ɗora bene a kan tsohon gini sai injiniya ya duba harsashi. Katangar da aka yi don rufin azara ko kwano ba ta ɗaukar dakin, wato rufin kankare.

6. Jingina

Ka ba mai gida dunƙulen kuɗi, ka zauna ba haya, ranar da ya dawo maka da kuɗinka ka fita. Ana ganin kamar zama kyauta ne. Ba na ba da shawararta. Malamai da yawa na ganin rance ne da ya jawo amfani, wato riba. Ko ta lissafi, miliyan 3 da aka bayar a farkon 2023 aka dawo da ita yau ba ta sayen simintin da za ta saya a lokacin, hayar ke nan ka biya ba ka sani ba. Idan mai gidan ya rasu ko ya kasa biya, sai ka koma zaryar kotu da magada. Wanda ke da dunƙulen kuɗin jingina yana da kuɗin fuloti.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗin farko | Nauyin wata-wata | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zama inda kake | Hayar shekara | Haya mai tsada, hanya mai sauƙi | Shekara-shekara | Mai sauƙi ƙwarai | Ƙari ko notis |
| Hayar bayan gari | Haya, la'ada, ƙaura | Haya ƙasa, mota da ruwa sama | Shekara-shekara | Mai sauƙi | Ragi ya tafi a hanya |
| Fuloti da gini | Kuɗin fili da bincike | Mai nauyi har a tare | Mallaka | Wahala, shekaru | Filin rigima, gini ya tsaya |
| Bashin gida | Kason farko da kuɗin takardu | Tsayayye, ba ya tashi | Mallaka bayan biya | Takardu da jira | Rasa aiki, maganar riba |
| Gidan gado | Gyaran sashe | Kaɗan | Ya danganta da rabo | Sai yardar dangi | Rikicin magada da na zama |
| Jingina | Dunƙule mai yawa | Babu haya | Hannun mai gida | Mai sauƙin shiga | Riba, kuɗi ya rage daraja |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Idan ma'aikaci ne kai da ake iya yi wa canjin wurin aiki, ko ba ka tabbatar za ka shekara biyar a Kano ba, ka zauna a haya, ka nemi yarjejeniyar shekara biyu a rubuce. Haka ma ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa da sauri: cire jari a binne a harsashi na iya kashe shagon da ke ciyar da gidan, gara a bari riba ta sayi filin.

Idan sabon ango ne kai, ko mai 'ya'ya ƙanana da ba su yi nisa a makaranta ba, kuma kana da babur, ka haɗa ta biyu da ta uku. Ka kama haya a unguwar da kake son sayen fili. Zama a wurin zai nuna maka inda ruwa ke kwanciya, wane dillali ake yarda da shi, wace gona ce ke da rigima, kuma za ka iya tsayawa a kan maginanka da yamma ba tare da kuɗin mota ba.

Idan albashinka tsayayye ne, ya kai 180,000 ko fiye, shekarunka ba su wuce 40 ba, kuma ka samu gida mai C of O da mai shi zai yi haƙurin jira, bashin dogon zango ya cancanci wahalar takardunsa, ta NHF ga wanda ya gamsu, ta bankin da ba ruwa ga wanda bai gamsu ba.

Idan abin da kake samu na kusa da mafi ƙarancin albashi, bashin gida ba zai kai ka ko'ina ba, gini tare da haya kuma zai karya ka. Gidan iyaye na shekara uku ko huɗu, da yardar maiɗakinka da takardar 'yan'uwa, shi zai ba ka numfashin shiga adashi ko ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinku, ka kama rabin fuloti.

Ke kuma da mijinki ya rasu ya bar ki da marayu da ɗan kason gado, ko kike aiki kina tara naki, kada a karɓi kuɗin a ce za a juya miki, kada kuma ki ba da jingina. Ƙaramin ginannen gida a unguwar da kike da dangi ya fi miki fili a daji da sai kin yi shekaru kina bin magina. A rubuta takardar da sunanki, in da kason yara a ciki a rubuta na kowa, kuma ki riƙe asalin takardar a hannunki.